Cinikin Fili Bai Kammala Ba Sai An Sauya Suna a Takarda

Godiya ta tabbata ga Allah, Mamallakin ƙasa da abin da ke bisanta. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.  Allah Ya karɓi azuminmu da tsayuwarmu.

Cikin tambayoyin da kuke aiko mana a wannan wata, akwai wadda ta yi ta maimaituwa daga Maraɗi da Damagaram da Tawa har zuwa Yamai. Mutum ya sayi fili ko gona, ya biya kuɗi duka a gaban shaidu, an shafa fatiha, an raba goro. Shin da sauran abin da ya rage a kansa? Amsarmu ita ce, ta fuskar Shari'a ciniki ya ƙullu tun daga lokacin da mai sayarwa ya sallama, mai saye ya karɓa. Amma da sauran aiki, shi ne mayar da takardar wurin zuwa sunan wanda ya saya. Muddin sunan mai sayarwa ne a littafin hukuma, to a idon hukuma wurin nasa ne, ko da ka yi shekara ashirin kana nomansa. Shaidu suna mutuwa, suna ƙaura, suna mantuwa. Ranar da kai ma ka kwanta dama, matarka da marayunka ne za su tsaya gaban alƙali hannu rabbana.

Rubuta ciniki ba baƙon abu ba ne a addininmu. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, aya ta 282 cikin Suratul Baƙara, ta sauka ne a kan rubuta bashi da kafa shaidu, kuma a cikinta aka yi umarni da kafa shaida idan an yi saye da sayarwa. Rikicin ƙasa kuwa ko sahabbai bai ƙyale ba. Imamu Muslim ya ruwaito cewa wata mata mai suna Arwa ta kai ƙarar Sa'idu ɗan Zaidu, ɗaya daga cikin goman da aka yi wa bushara da Aljanna, wurin Marwanu ɗan Hakamu, tana cewa ya ci mata iyaka. Sa'idu ya kare kansa da abin da ya ji daga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa wanda ya ƙwaci ko da taƙi ɗaya na ƙasa bisa zalunci, za a rataya masa shi a wuya har ƙasa bakwai ranar Alƙiyama. In har an iya tuhumar irin wannan bawan Allah a kan iyaka, wane ne a cikinmu zai ce shi ya fi ƙarfin takarda?

To, takardun sun bambanta gwargwadon inda ƙasar take. Bari mu fara da gona da filin karkara. Ranar 2 ga watan Maris na shekarar 1993 ƙasarmu ta kafa dokar da ke tsara al'amuran karkara, mai lamba 93-015. Wannan doka ta amince da mallakar gargajiya, wato gonar da mutum ya gada kaka da kakanni, ta ba ta kariya daidai da mallakar da ke rubuce. Ita ce kuma ta kawo kwamitocin kula da filaye da muke kira Kofo. Akwai na ƙauye wanda maigari ke jagoranta, akwai na komin ƙarƙashin magajin gari, akwai na gunduma ƙarƙashin prefe. Wanda ya sayi gona, sai su tafi tare da mai sayarwa da shaidu wurin Kofo. Za a taka wurin, a kira maƙwabtan iyaka, a sanar da jama'a domin mai ƙorafi ya fito tun da wuri, sannan a rubuta takardar shaidar sayarwa, a sa hannu, a buga hatimi, a ajiye kwafi a littafin Kofo. Haka ake yi wa kyauta da aro da haya da jingina, kowanne da irin takardarsa. Mu kula da wannan ƙwarai, domin gonaki da yawa an ba da su aro ne ko jingina, da iyaye suka shuɗe sai ƴaƴa suka ɗauke su gado. Mu kuma sani cewa burtali da makiyaya da mashayar dabbobi dukiyar al'umma ce. Dokar kiwo ta 20 ga watan Mayu na 2010 ta ƙara tabbatar da haka. Wanda ya sayi irin wannan wuri ya zubar da kuɗinsa, ko wa ya sa masa hannu.

Na biyu, filin cikin gari, wanda aka yanka a lotisma. Shi takardarsa daga ma'aikatar magajin gari take fitowa, ita ce ake kira akt da sesiyon. A jikinta akwai sunan mai fili, da sunan lotisma, da lambar rukunin da filin yake, da lambar filin kansa, da faɗinsa. Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne mai saye ya karɓi wannan takarda da sunan wani, ya jefa a akwati, ya ce ya mallaki fili. Sai takarda ɗaya ta bi hannu huɗu ko biyar, alhali sunan mutumin farko ne a littafi. Hanyar da ta dace, tun kafin kuɗi su fita daga hannunka, ka ɗauki takardar ka kai ofishin filaye na magajin gari a duba ko ta yi daidai da abin da ke littafinsu. Ka dubi katin ɗan ƙasa na mai sayarwa, ka ga ko sunan ya zo ɗaya. Ka sa mai awon ƙasa ya nuna maka duwatsun iyaka da idonka, domin an sha gina gida a filin maƙwabci bisa kuskuren lamba. Bayan an rubuta takardar ciniki, ku koma tare ku nemi a sauya suna.

Na uku, babbar takardar mallaka, wadda ake kira titir fonsiye. Ita ofishin ajiyar littafin filaye ne ke ba da ita, ƙarƙashin babbar ma'aikatar haraji ta ƙasa, kuma ita ce mafi ƙarfi a gaban shari'a. A shekarar 2006 aka sauƙaƙa hanyar samunta da tsarin da aka raɗa wa suna Sheda, wato kalmarmu ta shaida. Fili ko gidan da ke da irin wannan takarda, cinikinsa ta hannun noter yake bi, wato jami'in da doka ta ba ikon rubuta yarjejeniya. Shi zai bincika ko an jinginar da wurin ga banki ko akwai ƙara a kansa, ya rubuta ciniki, ya kai a yi masa rajista, sannan a shigar da sunan sabon mai shi a littafi.

Akwai wata gaɓa da muke son a saurara da kyau, ita ce ƙasar gado. Idan mai wurin ya rasu, babban ɗa ba shi da ikon sayarwa shi kaɗai. Sai an san magada duka, maza da mata, da takardar shaidar gado da ta zaman iyali daga kotu, da sunan wanda suka wakilta. Kada mu sayi gidan da aka ɓoye wa ƴaƴa mata cinikinsa, ko aka sayar da rabon maraya ba da izinin alƙali ba. A mazhabar Imamu Malik kuma akwai haƙƙin shufu'a: idan ɗaya daga cikin masu tarayya a ƙasar da ba a raba ba ya sayar da kasonsa ga bare, abokan tarayyarsa suna da ikon karɓar kason a kan kuɗin da aka saya. Risala ta Ibnu Abi Zaidin ta yi bayaninsa, har ta ambaci cewa wanda yake nan ya yi shiru har shekara ta wuce, haƙƙinsa ya faɗi.

Yanzu mu zo ga kuɗi, domin nan ne mutane suke ja da baya. Akwai kuɗin tambur da ake mannawa a takardu. Akwai kuɗin rajista, wanda ake lissafawa kaso cikin ɗari na kuɗin ciniki. Dokar kasafin kuɗin ƙasa ce ke yanke wannan kaso, tana kuma iya sauya shi, saboda haka a tambayi ofishin haraji ko noter adadin da ke aiki a shekarar da ake ciki. Akwai kuɗin sauya suna a littafi, da ladan mai awo da kafa duwatsu, da ladan noter inda aka bi ta hannunsa. La'adar dillali daban take, ba ta shiga aljihun hukuma, kuma biyanta ba ya sauya sunan kowa. In gida ne ginanne, a binciki ko akwai bashin harajinsa da ya taru, kada ka gaji nauyin da ba kai ka ɗauko ba. Bisa al'ada mai saye ne ke ɗaukar kuɗin rajista da sauya suna, amma ya kyautu a faɗa a fili, a rubuta wa zai biya me, tun kafin a sallama. Shawararmu ita ce ka ɗauki kuɗin takarda a matsayin wani yanki na kuɗin fili. In abin da ke hannunka ya ishi fili amma bai ishi takarda ba, to nemi wanda bai kai shi tsada ba, ko ka ƙara haƙuri. Kuma duk dalar da ka biya, karɓi takardar shaidar biya mai hatimi.

A nan ne Shaiɗan ke kawo shawararsa guda biyu. Ta farko, a rage kuɗi a takarda. A ce an sayi fili miliyan 3 na sefa, sai a haɗa baki a rubuta miliyan 1 domin kuɗin rajista ya ragu. Wannan ƙarya ce rubutacciya, shaidun da suka sa hannu kuma sun yi shaidar zur, wadda take cikin manyan zunubai. Tun a duniya ma ramin ƙarya ƙurarre ne. In ciniki ya warware a gaban alƙali, abin da ke rubuce za a ce a mayar maka. In mai shufu'a ya taso, da miliyan 1 ɗin nan zai nemi karɓe wurin, kai kuwa bakinka ya mutu, domin da hannunka ka sa. In ma'aikatar haraji ta gano, ga cikon kuɗi ga tara. Ta biyu ita ce rashawa, a ba wani a ofis domin ya shafe suna ko ya fitar da takarda ta biyu a kan filin da ke da mai shi. Hadisi ya la'anci mai bayarwa da mai karɓa. Kuma Ummu Salama, Allah Ya yarda da ita, ta ruwaito gargaɗin Manzon Allah cewa wanda aka yanke wa haƙƙin ɗan'uwansa saboda ya fi shi iya baki, yankin wuta aka yankar masa. Hatimi yana kare mai gaskiya, amma ba ya halatta haram.

In rikici ya riga ya auku a kan gona, doka ta tsara a fara da sulhu a gaban maigari ko sarki, a rubuta abin da aka cimma, in ya faskara sannan a wuce kotu. Sulhun da aka yi da baki kawai yakan tashi da mutuwar dattijan da suka yi shi, don haka shi ma a rubuta.

Ya ku ƴan'uwa, wannan wata ne na yi wa kai hisabi. Kowannenmu ya buɗe akwatinsa a daren nan ya dubi takardun da ya ajiye. In ka ga sunan wani a kan filinka, nemi mutumin tun yana raye, ku je ofis bayan Salla, domin in ya rasu sai ka tara magadansa duka kafin a saurare ka. In kai ne ka sayar, ka ci kuɗin, to rakiyar mai saye zuwa sa hannu cika alkawari ne, kada ka nemi a sake ba ka goro a kansa. In akwai gonar aro ko ta jingina a hannunka, faɗa wa ƴaƴanka, ka rubuta. Ka kuma nuna wa iyalinka inda takardun suke, ka ajiye kwafinsu wurin wani amintacce saboda gobara da gara da ruwan sama.

Allah Ya ciyar da mu halal, Ya tsare mu daga cin haƙƙin maƙwabci da maraya, Ya sa ƙasar da za a rufe mu a cikinta ta yi mana shaidar alheri. Allah Ya kai mu daren Lailatul Ƙadari, Ya sa muna cikin ƴantattun bayinSa. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.