Aska a Wuya: Yadda Wanzami Ke Gyaran Fuska a Fegge ta Anaca

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya yi darasin sana'o'in Hausawa na gargajiya ya haddace ayyukan wanzami, wato aski da ƙaho da kaciya da tsaga da cire belu. Ni ma na haddace su, har na ci jarrabawa a kansu. Sai dai ban san akwai ilimi mai zaman kansa a cikin aske wuya kaɗai ba, sai da na je hutu wurin kawuna mai fataucin albasa a birnin Onitsha, wanda Hausawa ke kira Anaca. A wannan ɗan rubutu zan yi bayanin yadda ake aske wuya da aska, da kalmomin da suka danganci aikin, da kuma haɗarin da ke tattare da shi ga lafiya.

Fegge da Hausawanta

Fegge unguwa ce a ƙaramar hukumar Anaca ta Kudu a jihar Anambra, kusa da kogin Kwara da gadar da aka kammala a shekarar 1965. Kamar yadda ake da Zango a Kumasi, da Sabo a Ibadan, da Ama Hausa a Owerri, haka Hausawa suka kafa wuraren zama a Anaca da Inugu da Fatakwal. A yau mafi yawan mazauna Fegge Ibo ne, Hausawa kuwa suna zaune a tsakaninsu suna sana'o'insu. Zaman nan ya ga jarrabawa. Da yawa sun bar yankin a lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, haka kuma rikicin watan Fabrairu na 2006 ya sa wasu sun koma gida kafin ƙura ta lafa su dawo.

Na kawo wannan tarihi ne saboda abin da na gani da idona. Wanzamin da kawuna ke zuwa wurinsa dattijo ne, yana shimfiɗa tabarmarsa a bakin wani shago. Masu zama a gabansa ba Hausawa kaɗai ba ne, har da Ibo 'yan kasuwa. Mutum ya zauna, ya ɗaga haɓa, ya rufe ido, ya miƙa maƙogwaronsa ga mai riƙe da ƙarfe mai kaifi. Babu shaidar amana da ta wuce wannan.

Kalmomin Sana'ar

Da yake mu ɗaliban harshe ne, ya kamata mu fara da kalmomi. Aska suna ne na mace, jam'inta asake. Aikatau shi ne aske, sunan aikin kuma aski. Mai sana'ar shi ne wanzami, jam'i wanzamai, sana'ar kuma wanzanci, da ɗafa-ƙeyar nan ta -anci da muke samu a dukanci da dillanci. Shugabansu a gari shi ne Sarkin Aska. Jakar fata mai aljifai da yake zuba kayan aikinsa ita ce zabira. A cikinta akwai asake da almakashi da ƙaho da dutsen washi da fatar da ake goga aska a kanta.

Aski iri-iri ne. Akwai ƙwal-kwabo, wanda ake kwashe gashin kai duka, da saisaye, wanda ake rage shi kawai. Akwai zanko da tukku da ake bar wa yara a da. Aske wuya kuwa yana cikin gyaran fuska, tare da daidaita saje da gashin baki da gefen gemu da ƙeya.

Ita kanta kalmar wuya abin lura ce. A rubutu ɗaya ce, amma a furuci biyu ce. Wuya na jiki karin sautinsa sama-ƙasa ne, kuma namiji ne, shi ya sa muke cewa wuyan riga. Wuya mai ma'anar wahala kuwa ƙasa-sama ce, kuma mace ce, kamar a karin maganar nan, wuyar aiki ba a fara ba. To, a wanzanci kalmomin biyu sun haɗu, domin wuya shi ne ya fi ko'ina wuyar aski.

Me Ya Sa Wuya Ya Fi Wuya?

Bahaushe ya ce idan aski ya zo gaban goshi ya fi zafi. Da na ambaci wannan karin magana ga dattijon, sai ya yi murmushi ya ce, "Yaro, wannan ga wanda ake yi wa ne. Ga mai riƙe da aska, wuya ne abin tsoro." Dalilan haka uku ne.

Na farko, fatar wuya ba ta da kauri kamar ta kumatu, kuma sako-sako take, tana bin aska idan ba a ɗame ta ba. Na biyu, wuya ba shimfiɗaɗɗe ba ne. Akwai kwari a ƙarƙashin muƙamuƙi, akwai kuma tudun zakaran wuya a tsakiya, wanda ke motsi duk lokacin da mutum ya yi magana ko ya haɗiyi yawu. Na uku, gashin wuya ba ya kwanciya ta fuska ɗaya. Na ƙarƙashin haɓa yakan kalli ƙasa, na can gindin wuya a wurin mutane da yawa yakan kalli sama, na gefe kuma yakan karkace ko ya yi ɗan zagaye. Kowane mutum da irin kwanciyar gashinsa.

Yadda Ake Aikin

Mataki na farko shi ne wasa aska. Dutse ne ke fitar da kaifi, fata kuma ta daidaita bakin. Aska mai dakushi ta fi mai kaifi yanka mutum, domin tana tilasta wa wanzami ya danna ta, kuma tana jan gashi maimakon ta yanke shi.

Na biyu shi ne jiƙa gashi. Ana shafa ruwa, musamman mai ɗumi, sannan a kawo kumfar sabulu a murza sosai. Gashin da ya sha ruwa ya fi laushi, sabulu kuma yana sa aska ta zame a kan fata.

Na uku, wanzami yakan shafa wuyan da ɗan yatsa don ya gane inda gashi ya kwanta. Inda yatsa ya wuce sumul, nan ne bin gashi. Inda ya ji kaushi, nan ne saɓa masa.

Na huɗu shi ne ɗame fata da hannun da ba ya riƙe da aska. Wannan hannu shi ne rabin aikin. Yatsu suna jan fatar ta miƙe, kuma kullum suna bayan aska, ba sa shiga gabanta.

Na biyar shi ne riƙon aska. Ba a tsayar da ita a kan fata, ba a kuma kwantar da ita gaba ɗaya. Ana ɗan ɗaga bayanta, abin da masu lissafi za su ƙiyasta da kusan digiri 30. Sai a riƙa ja kaɗan-kaɗan, ana bin kwanciyar gashi, ba tare da dannawa ba. Babban abin kiyayewa shi ne kada a ja aska ta tsawon bakinta kamar mai yanka nama, domin nan take za ta tsaga fata. Idan an zo zakaran wuya, sai a jawo fatar da ke kansa zuwa gefe a aske ta a can, sannan a jawo ɗaya gefen. A nan ne ake ce wa mutum ya yi shiru. Daga ƙarshe a wanke da ruwan sanyi.

Ƙurajen Aski

Ranar da na zauna a gabansa, na ce, "Baba, a kwashe shi tas, har ya zama ba a jin komai." Ya gargaɗe ni, na nace, sai ya sake bi ta saɓanin gashi. Kwana uku ba su cika ba wuyana ya feso da ƙuraje masu ƙaiƙayi. Laifina ne, ba nasa ba.

Ga abin da ke faruwa. Gashin mafi yawanmu baƙar fata murɗaɗɗe ne. Idan aka ɗame fata aka yanke shi can ƙasa, bakinsa yakan yi tsini, kuma da an saki fatar sai ya nutse. Da ya fara tsirowa sai ya lanƙwasa ya soki fata, ko daga ciki ko bayan ya fito. Jiki yana ɗaukar sa tamkar ƙaya, sai wurin ya kumbura. Likitocin sojan Amurka sun daɗe da sanin wannan matsala a tsakanin sojojinsu baƙar fata, saboda dokar aske fuska kullum. Maganinta na farko shi ne a huta da aski na wasu makonni, a daina tsatsa da ƙirce, idan an dawo kuma a tsaya ga bin gashi. Akwai wasu ƙuraje masu tauri da ke fitowa a ƙeya, waɗanda kan haɗe su zama tabo mai tudu har gashi ya daina tsira. Waɗannan sai an ga likitan fata da wuri.

Aska Ɗaya, Wuya Goma

Haɗarin da ya fi wannan girma shi ne na jini. Aski a wuya yakan bar 'yan ƙananan raunuka da ido ba ya gani. Idan aka yi wa mutane da yawa aski da aska ɗaya ba tare da an tsarkake ta ba, tana iya ɗaukar cuta daga wannan zuwa wancan. Tun da aka ba da rahoton cutar ƙanjamau a Nijeriya a shekarar 1986 ake faɗakarwa a kan haka. Amma ciwon hanta nau'in B ya fi ƙanjamau saurin yaɗuwa ta wannan hanya, domin ƙwayarsa tana iya rayuwa a wajen jiki har kwana 7 ko fiye, ko da jinin ya bushe. Goge aska a tafin hannu ko a tsumma ba ya kashe ta.

Wannan ne ya sa wanzamai da yawa, har da dattijon Fegge, suka koma ga irin askar nan da ake saƙala mata rabin reza. Ita rezar da ake sauyawa wani Ba'amurke ne, King Camp Gillette, ya fara sayar da ita a 1903. A gabanka za a ɓare sabuwa, a jefar da ita bayan an gama. Wanda ya fi son askar maƙera kuwa, sai ya mallaki tasa shi kaɗai. Akwai kuma allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B, wadda Nijeriya ta shigar cikin rigakafin yara a 2004. Wanda aka haifa kafin nan, ya dace ya je a gwada shi a yi masa.

Kammalawa

A taƙaice, aske wuya da aska yana buƙatar kaifi da jiƙo da sanin kwanciyar gashi da ɗame fata da sauƙin hannu, sannan da tsabtar ƙarfe. Ina kira ga 'yan'uwa ɗalibai masu neman batun kundin digiri, su zauna da wanzamai, na gida da na kurmi, su rubuta sunayen asake da na aski daga bakinsu. Injin aski na lantarki ya cika shaguna, dattawan kuma suna ta raguwa. Duk kalmar da ba a rubuta ba, tana iya tafiya tare da mai zabirar.