Rikicin Bankuna Na 2009: Laifin Wane Ne?

Duk ɗan Arewa da ke neman abincinsa a Ikko ko Badun ko Anaca ko Fatakwal a shekarar 2007 zai tuna yadda ma'aikatan bankuna suka riƙa bin kasuwanni rumfa-rumfa, da takardu a hannu, suna tallar hannun jari. Da mai shanu da mai tumatir da ɗan canji, kowa an ce masa ya zuba kuɗinsa, kafin shekara ta zagayo sun ninka. Jama'a da yawa sun zuba. Bayan shekara biyu takardun nan suka zama ba su da wata daraja, wasu bankunan ma har sunansu ya ɓace. Tun daga lokacin ake jayayya a kan wanda ya jawo wannan asara, ko masu bankuna ne, ko hukumomin da aka ɗora wa sa musu ido, ko kuwa 'yan majalisa masu yin doka. Kowannensu in aka tambaye shi sai ya nuna ɗan'uwansa, domin laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. To, bari mu bi zancen daki-daki.

YADDA ABIN YA FARO

Ran 6 ga watan Yuli na 2004 Gwamnan Babban Bankin Nijeriya na lokacin, Farfesa Charles Soludo, ya ba da sanarwa cewa tilas kowane banki ya ɗaga jarinsa daga Naira miliyan dubu 2 zuwa miliyan dubu 25 kafin ƙarshen 2005. Bankuna 89 ne a ƙasar nan, amma da wa'adi ya cika sai suka koma 25. Wasu sun haɗe, wasu an saye su, 14 kuma aka karɓe lasisinsu. Niyyar ita ce a sami bankuna masu ƙarfi, kada a sake ganin irin abin da ya faru a 1998, lokacin da aka rufe bankuna 26 a rana ɗaya.

Hanyar da bankuna suka bi suka tara wannan jari ita ce sayar wa jama'a hannun jari, kuma da suka ga kasuwa ta yi daɗi sai suka sake komawa a 2007. Ga kuma kuɗin man fetur yana ta shigowa. Kuɗi suka taru a hannunsu fiye da yadda suka san inda za su kai su, sai suka zuba kaso mai yawa a wuri biyu. Na farko shi ne rancen sayen hannun jari, watau banki ya ba mutum bashi ya sayi hannun jari, hannun jarin nan kuma shi ne jingina. Na biyu shi ne rance ga masu shigo da man fetur daga ƙasashen waje.

A watan Maris na 2008 ma'aunin kasuwar hannun jari ta Ikko ya haura 66,000. Daga nan ya fara gangarowa. A watan Satumba na shekarar bankin Lehman Brothers ya durƙushe a Amurka, masu jari na ƙasashen waje suka kwashe kuɗinsu daga kasuwarmu, gangar mai kuma da ta kai Dala 147 a watan Yuli ta faɗo ƙasa da Dala 40 kafin ƙarshen shekara. Zuwa watan Maris na 2009 kasuwar ta yi asarar wajen kashi 70 daga cikin 100 na darajarta. Jingina ta narke, masu bashi suka kasa biya.

Ran 14 ga watan Agusta na 2009 sabon Gwamnan Babban Banki, Malam Sanusi Lamido Sanusi, ya sallami shugabannin bankuna biyar, watau Afribank da Finbank da Intercontinental da Oceanic da Union Bank, ya zuba musu Naira miliyan dubu 420. A watan Oktoba aka sallami na Bank PHB da Spring Bank da Equitorial Trust, aka kuma tallafa wa Wema, jimlar kuɗin ta kai miliyan dubu 620.

KASON MASU BANKUNA

Binciken da aka yi ya nuna cewa a bankuna biyar na farko, wajen kashi 40 daga cikin 100 na rancen da suka bayar ba a biyansa. An sami manyan banki suna ba kamfanonin kansu rance ba jingina, an kuma sami inda aka ɗebi kuɗin masu ajiya aka sayi hannun jarin bankin da kansa don farashinsa ya tashi, jama'a su ga kamar yana bunƙasa. Har ila yau, da yake kowane banki da watan da yake rufe lissafinsa na shekara, sai wannan ya ranto kuɗi daga wancan ya cika littafinsa, in masu bincike sun tafi ya mayar. A watan Oktoba na 2010 tsohuwar shugabar Oceanic, Madam Cecilia Ibru, ta amsa laifi a gaban kotu a Ikko, aka ɗaure ta wata shida, aka kuma ƙwace dukiya ta wajen Naira miliyan dubu 191.

Hanzarin masu bankuna shi ne guguwa ce ta duniya baki ɗaya, kuma manyan attajirai ne suka ci bashi suka ƙi biya. Akwai gaskiya a cikin wannan, domin da Babban Banki ya buga sunayen manyan masu bashi a jaridu, an ga sunayen mutanen da kowa ya sani, har hukumar EFCC ta ba su mako ɗaya su biya. Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari: wanda ya ba da kuɗin amana ba jingina ba zai wanke kansa da laifin wanda ya karɓa ba. Masu karatu za su kuma tuna cewa a nan Kudu an yi ta yaɗa cewa makirci ne na ƙwace bankunan 'yan Kudu a ba 'yan Arewa. Ƙarshenta kuwa Access ne ya sayi Intercontinental, Ecobank ya sayi Oceanic, FCMB ya sayi Finbank, Sterling kuma ya ɗauki Equitorial Trust.

KASON MASU SA IDO

Aikin Babban Banki ne da hukumar inshorar ajiya ta NDIC su riƙa duba littattafan bankuna, hukumar SEC kuma ta kula da kasuwar hannun jari. Duk ɓarnar nan a gabansu aka yi ta. A ƙarshen 2008 ana ta tabbatar wa jama'a cewa bankunanmu lafiya lau suke, alhali kuwa a lokacin ne Babban Banki ya faɗaɗa hanyar ba bankuna rancen gaggawa, ya kuma yarje musu su ɗaga wa masu rancen hannun jari ƙafa, abin da ya sa ruɓaɓɓen bashi ya ci gaba da zama a littafi kamar mai lafiya.

A laccar da ya gabatar a Jami'ar Bayero ta Kano a watan Fabrairu na 2010, Malam Sanusi ya lissafa dalilai takwas da suka jawo rikicin, cikinsu har da raunin Babban Bankin kansa da sakacin masu bincike. Waɗanda suka riƙe bankin kafin shi kuwa hujjarsu ita ce ba don ƙarin jarin 2005 ba, da bankunan ba su kai labari ba ko kaɗan. Ko da haka ne, wanda ya sa aka tara kuɗi shi ya fi cancanta ya tsaya ya ga inda aka kai su.

KASON 'YAN MAJALISA

Dokar da ke tafiyar da bankuna a lokacin dokar soja ce ta 1991. An koma mulkin farar hula a 1999, amma in ban da 'yan gyare-gyare, ba a sauya ta da sabuwa ba sai 2020. Majalisar Dattijai da ta Wakilai kowacce tana da kwamitin bankuna mai ikon kiran kowa ya yi bayani, amma babu wanda ya taka wa abin birki tun kasuwa tana tashi. Da ta fashe, ƙorafin wasu 'yan majalisa shi ne don me aka zuba miliyan dubu 620 ba da izininsu ba, Babban Banki ya ce rance ne, kuma dokarsa ta ba shi iko. Dokar kafa AMCON, hukumar da za ta saye ruɓaɓɓen bashi, ba ta fito ba sai watan Yuli na 2010.

A 2012 Majalisar Wakilai ta zauna binciken faɗuwar kasuwar. Ana cikin zama sai shugabar SEC, Madam Arunma Oteh, ta zargi shugaban kwamitin da neman kuɗi a wurinta. Ya musa, ya sauka daga kujerar, aka naɗa wani kwamiti, amma hankalin jama'a ya riga ya bar zancen asarar talaka ya koma kan rigimar manya.

WA YA BIYA?

Masu ajiya a bankunan nan ba su yi asarar ko kwabo ba, wannan abin a yaba ne. Masu hannun jari su suka ji jiki. A watan Agusta na 2011 aka karɓe lasisin Afribank da Bank PHB da Spring Bank, aka kafa Mainstreet da Keystone da Enterprise a gurbinsu, duk mai hannun jari a cikinsu ya tashi a tutar babu. Dubban ma'aikata sun rasa aiki. Bashin AMCON kuma an ɗora wa bankuna harajin shekara-shekara don biyansa, kowa kuwa ya san daga aljihun masu hulɗa da banki irin wannan kuɗi ke fitowa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Saboda haka ya kamata 'yan'uwa mazauna Kudu su rarrabe tsakanin ajiya da hannun jari. Ajiya tana da inshora: a da Naira 50,000 ce iyakar abin da NDIC ke biya in banki ya rushe, ta koma 200,000 a 2006, sannan 500,000 a 2010, a 2024 kuma aka ɗaga ta zuwa miliyan 5. Hannun jari ba shi da inshora, riba taka, faɗuwa taka. A watan Maris na 2024 Babban Banki ya sake umartar bankuna su ƙara jari, masu talla kuma suka sake fitowa da takardu. Wanda zai saya ya saya da rarar kuɗinsa, kada ya ci bashi, kada kuma ya taɓa uwar kuɗin kasuwancinsa. Allah Ya tsare mana guminmu.