Yadda Ake Haihuwar Tauraro

Lokacin hunturu, idan dare ya yi kuma hazo ya lafa, mu mazauna Gaya da Ajingi mukan ga taurarin nan da muke kira Kaza da 'Ya'yanta. Kusa da su akwai wani babban gajimare baƙi na iska da ƙura, wanda ido ba ya gani. Haske yakan yi tafiyar shekara wajen 450 daga can kafin ya iso mana. A cikinsa ake haihuwar sababbin taurari.

Ga yadda abin yake. Gajimaren yana da sanyi ƙwarai, kuma yana juyawa a hankali. Idan wani sashe nasa ya yi kauri, sai nauyinsa ya riƙa jawo iskar zuwa tsakiya. Mu tuna da yaro mai wulwula dutse a bakin zare: in zaren ya naɗe a yatsansa ya gajarce, dutsen yakan ƙara gudu. Haka iskar take yi. Tana matsowa ciki, tana ƙara saurin juyi, har ta kāsa faɗawa tsakiya kai tsaye. Sai ta baje kamar faifai, jaririn tauraro yana tsakiya yana sha daga gare ta.

Tun 1755 Immanuel Kant ya yi tunanin haka, amma ganin abin ya yi wuya, domin ƙura ta rufe jaririn. Waɗansu masana ma sun ce ƙarfin maganaɗisu zai taka wa iskar birki, ya hana faifan samuwa da wuri. A 2012 aka auna wani jariri a gajimaren nan, mai suna L1527, wanda nauyinsa kashi ɗaya ne cikin biyar na rana. Aka tarar gefe ɗaya na iskar yana nufo mu, ɗayan yana nisa da mu, watau faifan ya riga ya samu yana juyawa. A 2014 kuma na'urar ALMA ta ƙasar Chile ta ɗauko hoton wani, HL Tau, faifansa da zobba a jere, alamar duniyoyi sun soma haɗuwa.

Me ya shafe mu? Ranarmu ma haka ta faro, shekara wajen miliyan 4,600 da suka wuce, kuma ƙasar da muke noman gero da gyaɗa a kai daga ƙurar faifanta ta fito. Saboda haka, ɗalibai, in kun koma gida hutun Disamba, ku ɗaga ido ku nemi Kazar.