Silimar da ta yi duba, rabi ya tabbata

A shekara ta 1968 Stanley Kubrick ya fiddo silimarsa "2001: A Space Odyssey", wadda suka tsara da marubuci Arthur C. Clarke. A cikinta ƴan Adam sun kafa sansani bisa wata, kumbonsu kuma ya nufi Jupita, wata na'ura mai magana, HAL 9000, tana riƙe da ragamarsa.

Sansanin dai har yau shiru. Mutum 12 kaɗai suka taka wata, rabon da a je tun Disamba 1972. Na'ura mai magana kuwa ta iso, har ta shiga aljihun jama'a.

HAL ta hallaka huɗu cikin matafiya biyar. Littafin Clarke ya faɗi dalili: manya ne suka umurce ta ta ɓoye musu manufar tafiyar.