Kokowa ta mai da ni gida

'Yan'uwa manoma da makiyaya, ga labarin abin da ya same ni. Ni ɗan ƙasar Gaya ne. Nan aka yanke mini cibiya. Amma akwai lokacin da na raina garinmu.

Shekara shida na yi a Kotonu ina dako a bakin kasuwa. In an tambaye ni daga ina nake, sai in ce daga Nijar, in yi shiru. Sunan ƙauyenmu kunya yake ba ni. A 2023 aka rufe gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil. Ciniki ya ja baya, aiki ya yi wuya. Na dawo gida cikin kwalekwale, hannuna babu komai sai buhun tufafi.

Watannin farko ba ni da sukuni. Ina ganin garin ba wuta, ba kuɗi, ba abin kallo. Ko bayan na soma koyar da manya karatu, zuciyata tana can bakin teku.

Da kaka ta yi, aka kai gero rumbu, sai na ji ganga da la'asar. Kawuna ya ce mini: "Tashi mu je kokowa." Na ce: "Kawu, na gaji." Ya ce: "Gajiyarka ba ta jiki ba ce. Tashi." Na bi shi don kunya.

Filin yashi ne a bayan gari. Mutane sun yi da'ira. Makaɗa suna gefe, maroƙa suna kiran sunan kowane ɗan kokowa da sunan ubansa da na kakansa. 'Yan kokowa sun ɗaura layu a damtse da ƙugu. Dokar wasan ba ta da wuya: ba naushi, ba cizo, wanda aka kayar ya faɗi. Mata suna sayar da rake da dafaffen rogo da ƙosai.

Sai wani saurayi siriri ya shigo. Da maroƙi ya kira kakansa, na gane shi. Ɗan maƙwabcinmu ne, wanda na bari yana kiwon awaki. Abokin karonsa ƙato ne daga wajen Tanda. Sun daɗe suna riƙe da juna. Can yaron ya sa ƙafa, ƙaton ya zube. Ban san sa'ad da na miƙe ina ihu da sunan ƙauyenmu ba. Sunan nan da na ɓoye shekara shida! Kawu ya dube ni, ya yi dariya, bai ce komai ba.

Daga ranar ban ƙara fashin kokowa ba. Na je Tara, na je Bengu, na je Tunuga. A kan hanya na sake ganin ƙasarmu da idon kirki: kogi, gonakin shinkafa, rake, giginyar Dallol Mawri, gishirin Foga. A Nijar duka babu inda ya fi yankinmu samun ruwan sama. Me na je nema?

A fili kuma na ga wani abu. Dandawa, Zabarmawa, Hausawa, Cangawa da Fulani suna zaune tabarma ɗaya. Na ga manomi da makiyayi da suka yi faɗa da damina kan ɓarnar gona. Ranar nan bayan yaro ɗaya suke, suna raba goro. Baƙi ma suna zuwa daga Kamba ta Nijeriya. Wanda aka kayar yana tashi ya ba abokinsa hannu. Darasi ne gare mu duka.

Kada mu ɗauki wannan wasa ƙarami. Kokowar ƙasa ta neman takobi an fara ta a Tawa a 1975, Kantu na Maraɗi ya ɗauka. Kowace jiha cikin jihohi 8 tana kai 'yan kokowa 10. Isaka Isaka na jiharmu ta Doso ya ɗauki takobi na 6 a Agadas cikin Disamba 2023. A Disamba 2024, a Doso, Abba Ibrahim na Yamai ya karɓe shi. Manyan 'yan kokowa ba daga sama suke faɗowa ba. A irin filin bayan garinmu ake farawa.

Amma ga abin tsoro. Da an gama girbi samari suna watsewa ci-rani. Akwai ƙauyen da na je, aka buga ganga, ba a sami masu kamawa ba sai yara huɗu. In samari sun tafi, ba kokowa kaɗai ke mutuwa ba. Garkar rani ma tana kwana, rijiya tana rushewa ba mai gyara.

Ban ce kowa ya zauna da yunwa ba. Mai tafiya ya tafi, amma ya dawo kafin ruwan shuka, kuma kada ya ɓoye sunan garinsu. Dattawa su sa ranar kokowa tun gero yana gona, don samari su san da ita. Kowane gida ya ba da kwanon hatsi ko dala ashirin na makaɗa da tukuicin gwani. A gayyaci rugage, a gayyaci ƙauyukan maƙwabta.

Kai kuma da ke kwance a zaure kana tunanin birni, in ka ji ganga da la'asar, tashi ka je. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Allah ya ba mu damina mai albarka da zaman lafiya.