Asabar a Kasuwar Sabha

A Libiya Juma'a da Asabar ne hutun mako, don haka tun azahar ɗin Alhamis ɗakunan kwanan ɗalibai a Tarabulus suke fara yin fayau. Masu hali a ajinmu su nufi bakin teku, wasu Zuwara, wasu Misrata. A makon ma wani abokina da ke karatu a Faransa ya aiko mini hotonsa daga Malaga ta ƙasar Sifaniya, yana cin gasasshen kifi a bakin ruwa, wai kuɗin jirgin da ya kai shi bai kai na takalmin ƙafarsa ba. Ni kuwa na ba teku baya, na shiga motar haya na yi kudu, domin Kawu ya daɗe yana mita: shekara biyu ina ƙasar ban taka Sabha na gaishe shi ba.

Tafiyar ta haura kilomita 700. Mun hau dutsen Garyan, mun wuce Mizda da Shuwairif, daga nan babu abin gani sai duhu da shingayen masu bindiga, inda katina na ɗalibi ya yi mini rana. Juma'a ta tafi a barci da masallaci, don garin ba ya ciniki da safiyar ranar. Abin da na iya kallo kawai shi ne ganuwar da Italiyawa suka gina a kan tudu, wadda na riga na sani a bayan tsohuwar takardar dinari 10.

Kawu dillalin bisashe ne. Ranar Asabar muna sallame asuba ya ce, "Ɗana, sa takalmin da ba ka tausayi, yau za ka ga makarantar da na yi." Kasuwar tana gefen gari, fili ne mai faɗi da ƙura, an kewaye wasu sassansa da bulo, wasu da tsofaffin ƙarafa. Raƙuma suna tsaye an ɗaure wa kowanne ƙafar gaba ɗaya a lanƙwashe, a wuyansu ko cinyarsu akwai lalas ɗin gidan da suka fito. Mai ido yana duban lalas ya ce wannan na Tubawa ne, wancan daga Abzin ya zo. Raguna kuwa sai na ji kamar a kasuwar Damagaram nake: ga balami fari sol, ga uda rabi baƙi rabi fari. Daga Nijar da Chadi da Sudan ake shigo da su, wasu a ƙafa, galibi a manyan motocin da ke kwanaki a hamada. Da wuya ka ga dabbar da ba ta faɗa ba, shi ya sa mai sayen sari yakan tsare ta makonni yana ba ta sha'ir da harawa kafin ya loda ta zuwa arewa, inda mahautan Misrata da Tarabulus ke jira.

Na tsaya kusa na kalli ciniki ɗaya daga farko har ƙarshe. Wani Balarabe mai farar jallabiya ya buɗe leɓen rago ya ƙirga haƙora, ya danna bayansa da yatsu huɗu, ya ɗaga shi ta ƙirji ya sauke. Mai ragon Batube ne, bai ce uffan ba. Kawu ya kama hannun wannan da dama, na wancan da hagu, yana yi wa ɗaya Larabci, ɗayan Hausa. Balaraben ya taya, Batuben ya ce albarka ba tare da ya ɗago kai ba. Aka ƙara, aka sake albarka. Sai da Kawu ya haɗa hannayen biyu ya girgiza da ƙarfi kamar zai tsinke su, sannan aka ce "bahi", wato an sallama. Ina cewa an gama, ashe yanzu aka fara, don sai mai ragon ya tambaya: kash ko sak, wato tsaba ko cek?

Wannan tambaya ita ce zuciyar kowane ciniki a Sabha. Shekaru ke nan bankunan Libiya ba sa iya ba mutane tsabar kuɗi yadda suke so. Ma'aikaci yana da albashi a asusu, amma sai ya yi dogon layi kafin ya karɓi wani yanki. Saboda haka kaya ɗaya yana da farashi biyu, na tsaba da na cek, kuma na cek ya fi tsada. Baƙon da ya koro raguna daga Tasker me zai yi da takardar banki? Dinarin ma kansa, wanda mutanen gari ke kira jini, ba shi ne na da ba. Kafin 2011 dala ɗaya ba ta kai dinari ɗaya da rabi ba, a farkon 2021 babban banki ya mayar da ita 4.48, farashin bayan fage kuma ya fi haka. Kawu ya karɓi la'adarsa a tsaba, ya ninke, ya tura can cikin aljihun 'yar ciki.

Da muka fito na ga motoci a bakin hanya sun jera jarkoki da mazurari. A hukumance litar fetur a Libiya dirhami 150 ce, ko ruwan gora ya fi ta tsada. Amma a kudu gidajen mai sukan wuni a rufe, a sayi lita a bakin titi da ninkin wannan kuɗi sau da yawa, alhali rijiyoyin Sharara, waɗanda ke cikin mafi girma a ƙasar, suna nan yamma wajen Ubari. Ruwan da Tarabulus ke sha ma daga ƙarƙashin wannan yanki na Fazzan ake turo shi ta babban bututu. Kowane mai shago da na zauna da shi sai ya kawo wannan ƙorafi kafin shayi ya huce, kuma a ganina yana da gaskiya. Sai dai ba ya faɗin sauran zancen: wani kaso na man yana bin hanyar da raguna suka biyo, ya ɓulla a Dirku da Agadas.

Haka kasuwar take, abin da ya hau da ƙafa huɗu, ya sauka a kwali. A layukan 'yan sari da ke cikin gari za ka ga makaroni da tumatirin gwangwani da man girki da madarar gari an tara har rufi, ga barguna masu laushi, ga katifu da dardumai da tukwane. Duk wanda ya tashi a Damagaram ko Tawa ya san bargon ɗan Libiya, wanda ake shimfiɗawa a gadon amarya ko da zafi ake. Tun da aka gano zinari a Jado a 2014, wasu shaguna suka ƙara da na'urar neman zinari da janareto da tankunan ruwa. Mota takan tashi daga nan a lode har ta ninka tsawonta, jarkoki na reto a gefe, mutane a can ƙololuwa, ta bi ta Gatrun da Tummo ta faɗa Nijar.

Wajen masu dabino ne na fi daɗewa. Wani dattijo ɗan asalin Fazzan ya ɓare mini ƙwaya ɗaya ta talis, ya nuna mini yadda ƙwallon ke fita tsaf ba ya manne da nama, ya ce busasshe irin wannan shi ne guzurin hamada, yana shekara a buhu bai canza ba. Da ya ji muna magana da Kawu sai ya ce, "Sannu da zuwa, yaro," da Hausa mai ɗan nauyi. Ya ce a bakin kakarsa ya ji ta. Ban yi mamaki sosai ba. Kafin Sabha ta zama babban gari, Murzuk ce cibiyar Fazzan, ta nan da Gat ayari ke kai turkuɗi da jan fatar Kano zuwa Tarabulus, ya komo da takarda da alharini da turare. Ta Murzuk Bature matafiyi Barth ya bi a 1850 kafin ya iso Kano. Larabawan Gadamus da suka zauna a Dandalin Turawa na Kano 'yan wannan hanya ne, kuma sai da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 ayarin ya mutu. Abin da ba a so a tuna shi ne, cikin kayan da ayari ke kaiwa arewa har da bayi, kuma ta haka kakannin wasu masu jin Hausa a nan suka zo.

Kusa da wani shataletale na ga samari sun fi hamsin a tsugune, kowa ya ajiye alamar sana'arsa a gabansa: wannan guduma da kurfi, wancan burushin fenti, wani shebur. Mota na rage gudu sai su taso gaba ɗaya suna "Mudir! Mudir!" Yawancinsu namu ne, 'yan ci-rani daga Tawa da Maraɗi da Damagaram, da 'yan Kano da Katsina. Duniya ta san Sabha a matsayin ƙofar Turai, amma Bahaushen da ka tarar a nan galibi ba teku ya nufa ba. Ya zo ya yi shekara ɗaya ko biyu a gona ko gini ko gidan burodi, ya tara na aure ko na shanun huɗa, ya koma. Ɗaya ne kawai, da ya ji daga Tarabulus nake, ya jawo ni gefe ya ce, "Malam, da gaske daga bakin ruwa ana hango fitilun Italiya?" Na ce ba a hangowa. Ya nuna mini hoton wani ɗan garinsu da ke tsinkar tumatir a rumfunan leda na Almeriya. Na tuna hoton Malaga da ke cikin tawa wayar, gaɓar teku ɗaya ce, amma ban nuna masa ba.

Shi ne ya fara ambata mini gidan bashi. Direba ya ɗauko mutum daga Agadas ba tare da ya biya ba, ko ya biya amma aka ce kuɗin bai iso ba, sai a sauke shi a wani gida a kulle, a miƙa masa waya ya kira gida ana dukansa. A watan Afrilun 2017 hukumar ƙaura ta duniya, IOM, ta ba da rahoton cewa ana sayar da baƙi a Sabha kan dala 200 zuwa 500. Na tambayi Kawu, ya yi shiru har muka wuce shago uku, sannan ya ce, "Ɗana, na sha haɗa kuɗi a masallaci don a fanso yaron da ban san ubansa ba."

Bayan la'asar muka shiga wani ɗan shago da ba shi da allo, sai buhunan shinkafa biyu da mutum ɗaya da littafi. Kawu ya ƙirga dinari, mutumin ya rubuta, ya aika saƙon murya. Kafin mu gama kofi na biyu na shayi mai kumfa, Inna ta kira daga Damagaram ta ce sefa ta shiga hannunta. Ana kiran magariba 'yan sari suka fara jan ƙofofi. Garin ya ga faɗan ƙabilu a 2012 da 2014 da 2016, kuma ko da yake an samu sauƙi, baƙo ba ya yawon dare.

Na kwana na biyu, na rasa darasin Lahadi, na komo da kwalin talis da 'yan ɗakinmu suka cinye cikin kwana uku. A tasha Kawu ya ba ni saƙo ga duk wanda ke shirin tasowa daga gida, ga shi na isar: ya biya kuɗin motarsa cif tun daga Agadas a gaban shaida, kada ya hau bashi, kuma ya haddace lambar wani nasa da ke Sabha a ka, don waya ita ake fara ƙwacewa a hanya.