Bushewar fatar macijin kiwo: Dalilanta da yadda ake magance ta

Ga mafi yawan mutane, maciji abin gudu ne ko abin kashewa. Duk da haka akwai waɗanda suke rayuwa da shi: ma'aikatan gidajen namun daji, da gardawa, da masu fataucinsa, da kuma masu kiwonsa don sha'awa. A Amurka da ƙasashen Turai, ɗaya daga cikin macizan da aka fi ajiyewa a gida ita ce wata ƙaramar mesa marar dafi, wadda Turawa suke kira mesar ƙwallo saboda yadda take dunƙulewa idan ta tsorata. Asalinta daga Yammacin Afirka da tsakiyarta ne, kuma Ghana da Togo da Benin su ne kan gaba wajen fitar da ita. Tsawonta bai cika wuce mita ɗaya da rabi ba, tana kuma iya shekara 20 zuwa 30 idan ta sami kulawa.

Cikin matsalolin da suka fi addabar wannan mesa da ire-irenta a hannun masu kiwo akwai bushewar fata da maƙalewar saɓa. Galibi tushen matsalar yana cikin muhallin da aka ajiye dabbar, kuma can ne ya kamata a fara neman magani.

Yadda saɓa take faruwa

Saman fatar maciji an yi shi ne da irin sinadarin da ya samar da farce da gashin ɗan Adam. Lokaci zuwa lokaci macijin yakan gina sabuwar fata a ƙarƙashin tsohuwar, sannan ya tuɓe ta saman. Ƙananan macizai masu saurin girma sukan yi saɓa kusan duk wata, manya kuwa sau kaɗan a shekara.

Idan lokacin ya gabato, wani ruwa yakan taru a tsakanin fatun biyu don ya raba su. Shi ya sa launin jikin yake dushewa, idanun kuma su yi hazo-hazo. Maciji ba ya da fatar ido da yake kiftawa. Wani siririn ɓawo mai kama da gilashi ne ya rufe ƙwayar idon, shi ma yana fita tare da saɓar. Bayan 'yan kwanaki idanun sukan washe, sai macijin ya goga bakinsa a jikin dutse ko itace, ya sulale daga tsohuwar fatar kamar mai cire safa. Duka-duka abin yakan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu. Lafiyayyen maciji yakan bar saɓarsa a haɗe. Idan ta fito guntu-guntu, ko wani sashe ya manne a jiki, to akwai gyara.

Laifin iska da muhalli

A daji, wannan mesa tana wuni a ramukan ɓeraye da cikin suri, inda iska take da laima ko da waje ya bushe. A keji kuwa ba ta da wannan mafaka sai an yi mata. Masu kiwo sukan riƙe laimar kejinta a kashi 50 zuwa 60 cikin 100, su ɗaga ta zuwa wajen kashi 70 a lokacin saɓa. A garuruwa irin su Kano da Sakkwato, laimar iska takan faɗi ƙasa da kashi 20 a lokacin hunturu. Iskar da take tsattsaga leɓe da dunduniyar mutum ita ce take busar da ruwan da ke tsakanin fatun macijin, sai tsohuwar ta manne wa sabuwar. Na'urar sanyaya ɗaki da ƙwan fitila mai zafi a kan keji su ma suna ƙara busar da iskar.

Akwai wasu dalilan kuma: ƙarancin ruwan sha, da tabon ƙuna ko na cizon ɓera, da rashin wani abu mai kaushi da macijin zai goga jikinsa, da wasu ƙananan ƙwari masu shan jini. Ana ganin ƙwarin kamar ɗigon baƙi a kewayen ido da ƙarƙashin haɓa, kuma macijin da suka kama yakan yawaita kwanciya cikin ruwa.

Matakan magani

Na farko shi ne a auna. Ƙaramar na'urar auna laima da zafi ta fi kintace. Ɓangare ɗaya na kejin ya kasance wajen digiri 31 a ma'aunin Salshiyos, ɗayan kuma wajen 26, domin macijin ya zaɓi inda ya dace da shi.

Na biyu, a yi masa maɓoya mai danshi. A sami roba mai murfi, a huda ƙofa a gefenta, a shimfiɗa tsumma mai tsabta da aka jiƙa aka matse. A kuma ajiye faffaɗan kasko na ruwa, ana sauya ruwan kullum.

Na uku, idan saɓar ta riga ta maƙale, a sa macijin cikin ruwa mai ɗan ɗumi, kimanin digiri 28 zuwa 30, wanda zurfinsa bai wuce rabin kaurin jikinsa ba, na minti 15 zuwa 20, ana tsaye a kansa. Daga nan a bar shi ya ratsa ta cikin jiƙaƙƙen tawul. Abin da ya yi laushi zai fita da kansa, wanda ya ƙi kuma a bar shi sai washegari.

A duba ƙarshen wutsiya da kyau. Saɓar da ta bushe a can takan zama kamar zobe, ta tsayar da jini har wurin ya mutu ya guntule.

Abubuwan da za a kiyaye

Kada a fizgi busasshiyar saɓa, domin takan taho da sabuwar fatar. Ɓawon da ya maƙale a ido kuwa aikin likita ne, kada garin gyaran gira a rasa ido. Man kaɗe da man ja da man shafawa ba su dace da fatar maciji ba. A jikin maciji sukan tara datti, ba kuma sa gyara iskar kejin. Kananzir da fiya-fiya da maganin sauro na feshi suna iya kashe macijin kafin su gama da ƙwarin.

Wuce gona da iri ma illa ne. Shimfiɗar da take jiƙe sharkaf kuma da ƙazanta tana ruɓar da fatar ciki, sai a ga ja ko ruwan ƙasa da ƙuraje masu ruwa. Abin da ake so shi ne iska mai laima a kan busasshiyar shimfiɗa.

Idan an ga ƙuraje, ko ƙwari, ko kumburin ido, ko kuma saɓa ta sake lalacewa bayan an gyara kejin, sai a nufi likitan dabbobi. Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato suna da asibitocin koyarwa na dabbobi.

Waɗannan matakai na macizai marasa dafi ne kaɗai. Kumurci da kasa da kububuwa sai ƙwararru. Ko marar dafin ma, a wanke hannu da sabulu bayan an taɓa shi, domin macizai suna ɗauke da ƙwayar cutar salmonela mai haddasa zawo da zazzaɓi, musamman ga yara. Fataucin mesa zuwa ƙetare kuma sai da izini, a ƙarƙashin yarjejeniyar CITES ta 1973 wadda Nijeriya take cikinta.

Wanda ya ɗauko dabba daga raminta ya ɗauki nauyin samar mata abin da ramin yake ba ta. Saɓar da ya tsinta a keji ita ce za ta gaya masa ko ya sauke wannan nauyi.